Hawan Jinin Huhu: Ciwon da Awon Damtse Ba Ya Gani, da Neman Maganinsa Daga Zakka Zuwa Kano

Da wuya ka shiga ɗakin shan magani ko babban kemis a ƙasar Safana da Batsari ba ka tarar da na'urar awon hawan jini ba, wadda ake naɗa wa mutum a damtse a hura mata iska. Mutanen Zakka sun saba da ita kamar yadda na birni suka saba. Idan ta nuna 120 bisa 80, sai malamin asibiti ya ce, "Baba, jininka lafiya lau," ya rubuta maganin zazzaɓi ko na ƙarin jini, ya sallami mutum. Amma akwai wani hawan jinin da wannan na'ura ba ta san da zamansa ba ko da za a kwana ana hura ta. Yana can cikin ƙirji, a jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu, kuma yana iya kwantar da mutum alhali awon damtsensa bai taɓa motsawa ba.

Zuciya aiki biyu take yi a bugu ɗaya. Ɓangaren hagu mai kaurin tsoka shi ke tura jini zuwa kai da hannuwa da ƙafafu, kuma ƙarfin wannan turin ake aunawa a damtse. Ɓangaren dama tafiyarsa gajera ce, ya miƙa jini ga huhu ya ɗebo iska. Da yake hanyar a buɗe take, Allah bai yi shi da kaurin bango ba. A jikin mai lafiya, matsakaicin matsin jini a wannan hanya kusan 14 ne a ma'aunin likitoci. An daɗe sai ya kai 25 ake kiransa ciwo. A taron masana na duniya da aka yi a birnin Nis na Faransa a 2018 aka kawo shawarar a sauko da iyakar, sannan ƙa'idojin likitocin zuciya da huhu na Turai na 2022 suka tabbatar da cewa duk abin da ya haura 20 hawan jinin huhu ne.

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san abin da ke faruwa da ƙaramin injin ban-ruwa idan tiyo ya lanƙwashe ko ya cushe da laka: injin zai yi ta gurnani, ya ɗau zafi, ruwan da ke isa kwami ya ragu, daga ƙarshe ya tsaya. Haka ɓangaren dama na zuciya ke yi. Da farko yakan ƙara kauri don ya jure, sai ya buɗe ya saki. Mai ciwon zai fara da haki idan ya ɗauko ruwa ko ya yi 'yar tafiya zuwa gona. Sai gajiya marar dalili, jiri, wani lokaci suma. In abin ya yi nisa ƙafafu su kumbura, ciki ya tara ruwa, jijiyar wuya ta miƙe ana ganin bugunta. Abin da marasa lafiya suka fi faɗa shi ne numfashinsu ba ya kaiwa. A gida kuma kowa da sunan da yake ba shi: wannan ya ce asma, wancan ya ce sanyi ne ya shige shi, in kumburi ya zo a fara zancen sammu. Kafin a kai ga likitan zuciya an sha jiƙe-jiƙe, an sha allurai, an sayar da akuya ko biyu.

Ciwo ɗaya, tushe biyar

Abin da ya kamata dangin mai jinya su fara riƙewa shi ne, hawan jinin huhu ba shi da magani guda. Likitoci sun kasa shi gida biyar gwargwadon tushensa, tsarin da ya samo asali daga taron Ebiyan na Faransa a 1998. Akwai wanda jijiyoyin huhun ne da kansu suka tsuke. Akwai wanda ɓangaren hagu na zuciya ya gaza, jini ya taru ya koma baya ya cika huhu. Akwai wanda huhun ne ya lalace. Akwai wanda gudan jini ya toshe hanya ya ƙi narkewa. Na biyar kuma tarkace ne na dalilai masu sarƙaƙiya, kuma a nan aka ajiye sikila. Ƙwayar da ke ceton mai nau'in farko tana iya nitsar da huhun mai nau'i na biyu cikin ruwa.

Wane ne ya fi yawa a wajenmu? An yi wani bincike na haɗin gwiwa mai suna PAPUCO a ƙasashe huɗu, Kamaru da Mozambik da Nijeriya da Afirka ta Kudu, aka wallafa sakamakonsa a 2016. Cikin waɗanda suka gudanar da shi akwai likitocin zuciya biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Farfesa Mahmoud Sani da Farfesa Kamilu Karaye. An bi marasa lafiya 220. A cikin manya, kashi 69 cikin ɗari ciwonsu daga ɓangaren hagu na zuciya ya taso, kashi 16 daga jijiyoyin huhu, kashi 11 daga cutar huhu, gudan jini kuma kashi 2 kacal. Kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka bibiya ya rasu cikin wata shida, abin da ke nuna yadda mutane ke isa asibiti a makare.

Ma'anar wannan ga mutumin Zakka ko Runka ko Ruma a fili take. Manyan magungunan da ake ta yayatawa a intanet an yi su ne domin ƙaramin rukuni. Mafi yawan masu haki da kumburi a ƙasar Hausa maganinsu yana cikin magungunan zuciya na yau da kullum, masu araha, waɗanda ake samu a Dutsin-ma da Katsina.

Mai jego da kumburi

Hawan jini na damtse da aka yi sakaci da shi shekara da shekaru shi ne babban mai gajiyar da ɓangaren hagu. Amma a yankinmu akwai wani abin da ya sa sunan ƙasar Hausa ya shiga littattafan likitancin duniya, wato gazawar zuciya a ƙarshen goyon ciki ko watannin farko na jego. A shekarun 1970 likitoci biyu da ke aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka bayyana yadda matan Zariya da kewaye ke zuwa da kumburi da haki bayan haihuwa, yawan da ba a taɓa gani a wata ƙasa ba. Sun ɗora alhakin a kan wankan jego da tafasasshen ruwa, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai ɗauke da gishiri mai yawa. Wani bincike a Sakkwato a 2007 ya samu mace ɗaya cikin kowace haihuwa 102.

An shafe shekaru ana zargin al'ada ita kaɗai. Sai dai babban rajistan PEACE da Farfesa Karaye ya jagoranta, wanda ya tattara mata 406 daga sassan Nijeriya aka kuma wallafa a 2020, ya sauya lissafin. Ya tabbatar da cewa Arewa maso Yamma ce kan gaba, har akwai inda ya kai ɗaya cikin 96, amma abubuwan da suka fito fili a matsayin haɗari su ne rama, rashin karatu, rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki. A taƙaice, talauci. Wasu bincike a Kano sun kuma nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin irin waɗannan mata. Wannan ba ya nufin a ɗura wa mai kumburi kunun kanwa. Zuciyar da ta riga ta gaza ba ta son gishiri ko na wane iri ne, kanwa ce ko dunƙulen miya. Amma a ganina an fi son zagin kaka mai tafasa ruwa saboda ya fi sauƙi a kan tambayar abin da mai jegon ta ci a wata tara.

Maganin wannan rukuni sananne ne. Akwai ƙwayar fitar da ruwa, wadda aka fi sani da Lasix, da abokiyarta sifironolakton. Akwai masu sassauta jijiyoyi irin su lisinofril, da masu rage gudun zuciya irin su kabedilol da bisofrolol. Idan aka haɗa su yadda ya kamata, ruwan da ya taru a huhu ya janye, matsin ya sauka da kansa. Mata da dama zuciyarsu kan farfaɗo cikin watanni. Sharaɗi biyu ne ke da wuya a cika. Na farko, kada a daina sha don kumburi ya saɓe, wanda shi ne kuskuren da ya fi maido da mutane gadon asibiti. Na biyu, kada a sake ɗaukar ciki sai hoton zuciya ya nuna ta dawo daidai, domin cikin da ya hau kan zuciyar da ba ta warke ba yana iya zama ajali, kuma irin su lisinofril suna cutar da ɗan tayi. Wannan magana ce da dole a yi ta a gaban maigida, in so samu ne da uwar miji, ba a raɗa wa yarinya 'yar shekara 19 ita kaɗai a ce ta je ta aiwatar ba.

Ga kuma azumi. Mai shan Lasix a zafin bazara, idan ya kame baki daga asuba zuwa magariba, yana iya bushewa har ƙoda ta taɓu. Idan kuma ya ajiye maganin don azumi, ruwa ya dawo. Malamai sun san rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya. Abin da ya rage shi ne a tambayi likita tun cikin Sha'aban.

Bayan hawan jini na damtse da gazawar zuciyar jego, dalili na uku a wannan rukuni shi ne ciwon da ke farawa da ciwon makogwaro a yarinta. Wata ƙwayar cuta ce ke kama makogwaro, garkuwar jiki ta tashi yaƙarta, sai ta kuskure ta far wa ƙofofin zuciya. Shekaru goma ko ashirin bayan haka ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu ta tsuke ko ta riƙa yoyo, jini ya koma huhu. Abin takaicin shi ne fenisilin na kwana goma tun farko ya isa ya hana duk wannan. Wanda ya riga ya kamu kuma ana yi masa allurar fenisilin mai daɗewa a jiki duk mako uku ko huɗu, shekaru a jere. Wani gwaji da aka yi a kan 'yan makaranta a Gulu ta arewacin Yuganda, aka wallafa a 2021, ya nuna cewa cikin yaran da aka gano da wuri aka riƙa yi musu allurar, ƙasa da ɗaya cikin ɗari ne ciwonsu ya ci gaba a shekara biyu, alhali a waɗanda ba a yi wa ba ya kai takwas cikin ɗari. Idan ƙofa ta riga ta lalace, sai buɗe ta da balan-balan ko tiyata. Tun 1974 aka fara tiyatar buɗe zuciya a Nijeriya, a Inugu, amma har yau kuɗinta miliyoyi ne. Cibiyar Salam ta Khartum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007 tana yi kyauta, ta taimaki 'yan Afirka da yawa kafin yaƙin Sudan na 2023 ya sa zuwa can ya zama kasada.

Sikila, da darasin da aka koya da tsada

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, wato sikila. Ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da shi duk shekara. A jikin mai sikila ƙwayoyin jini suna fashewa da wuri, abin da ke fita daga cikinsu kuma yana cinye sinadarin da ke sa jijiyoyi su saki. A 2004 wani bincike a Amurka ya nuna kusan ɗaya cikin uku na manya masu sikila hoton zuciyarsu na nuna alamar hawan jinin huhu, kuma su ne suka fi saurin mutuwa. Dakta Zakari Aliyu da abokan aikinsa sun yi irin wannan awo a Zariya a kan marasa lafiya 208, suka wallafa a 2008, suka samu kusan ɗaya cikin huɗu. Sai Faransawa suka zo a 2011 suka bi duk wanda hoto ya zarga da gwajin tabbatarwa, aka ga kashi 6 cikin ɗari ne kawai na duk masu sikilar da aka auna ke da ciwon da gaske. Hoto yana nuna hanya, amma yana yawan zuzutawa.

Darasi mafi ɗaci ya zo a 2009. An gwada ƙwayar sildenafil a kan masu sikila a Amurka da Ingila, da fatan zai sauke matsin. Dole aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa, domin masu shan maganin sun fi yawan kwanciya asibiti saboda tashin ciwon ƙashi. Shi ya sa a yau abin da ake fara yi wa mai sikila shi ne a kwantar da sikilar kanta: ƙwayar haidroksiyuriya kullum, tare da awon jini lokaci-lokaci, da ƙarin jini bisa tsari ga wanda ya buƙata, da kare shi daga zazzaɓin cizon sauro. Likitocin Kano sun riga sun nuna, a gwaje-gwajen hana shanyewar ɓarin jiki ga yara, cewa ana iya ba da haidroksiyuriya lafiya a asibitocinmu.

Hayaƙi, tarin fuka da tsargiya

Wanda ya yi tarin fuka ya warke ba lallai huhunsa ya koma yadda yake ba. Tabon da ya bari yana iya matse jijiyoyi shekaru bayan an sallame shi. Maganin tarin fuka, wato tibi, kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha, kuma fara shi da wuri ne ke rage tabon. Haka matar da ta shekara talatin tana hura itace da kara a rufaffen madafi, huhunta kan zama kamar na tsohon mashayin taba ko da ba ta taɓa riƙe sigari ba. Ga wannan rukuni abin da ke aiki shi ne magungunan shaƙa, nisantar hayaƙi, da iskar oksijin ga wanda iskar jininsa ta yi ƙasa. Amma oksijin da ke tsawaita rai ana shaƙarsa aƙalla awa 15 a yini, na'urar da ke tace shi kuma tana cin wuta fiye da firij. A garin da ake cajin waya a shago, wannan sai mai sola babba.

Tsargiya ma tana cikin lissafi. A duniya tana daga cikin manyan dalilan tsukewar jijiyoyin huhu, musamman nau'in da ke zama a hanji da hanta, wanda ƙwansa kan bi jini ya maƙale a huhu. Wadda yaranmu suka fi sani, mai fitsarin jini, ba ta kai waccan haɗari ta wannan fuska ba, amma duk yaron da ke wanka a tafki ko a bakin dam irin na Zobe ya cancanci firazikwantel da ake rabawa a makarantu. Mai ɗauke da ƙanjamau kuma, shan maganinsa a kan kari shi ne matakin farko.

Nau'in gudan jini kuwa ana iya warkar da shi sarai. Mai shi yana shan maganin tsinka jini irin wafarin har ƙarshen rayuwa, kuma ana iya buɗe ƙirji a kankare gudan daga cikin jijiya. Asibitoci ƙalilan ne a duniya suka ƙware a wannan, irin su na San Diyego a Amurka da Papworth a Ingila.

Magungunan da aka yi domin jijiyar kanta

Saura rukunin farko, wanda shi ne ake nufi idan ana maganar sababbin magunguna. A cikinsa akwai waɗanda ba a san dalilin nasu ba, yawanci mata matasa. Akwai na gado. Akwai kuma yaran da aka haifa da huda a zuciya. Su waɗannan yaran, idan aka toshe hudar da wuri sun tsira. Idan aka bari har leɓɓa da farata suka fara yin shuɗi, jijiyoyin sun riga sun ƙangare, tiyata kuma ta zama haɗari. Jaririn da ke haki da gumi a kan nono, ba ya ƙiba, kullum cikin ciwon ƙirji, a kai shi a duba zuciyarsa.

Kafin a samu magani, wani rajista a Amurka da aka wallafa a 1991 ya nuna rabin masu nau'in da ba a san dalilinsa ba suna rasuwa cikin shekara uku. A 1995 aka amince da Flolan, magani na farko, amma ƙarfinsa mintoci kaɗan yake yi a jini, don haka sai an dasa siririn tiyo a ƙirji, ƙaramin famfo na ɗura shi dare da rana. In ya tsaya, rai na cikin haɗari. A 2001 aka samu ƙwayar bosentan, sai ambrisentan a 2007, tadalafil a 2009, masitentan da riyosiguwat a 2013. Yanzu ƙa'ida ita ce a fara da biyu a haɗe, a ƙara na uku in ba a ga sauyi ba. Sai kuma allurar Winrevair da Amurka ta amince da ita a watan Maris na 2024, ana yin ta duk mako uku. Kwalba ɗaya dala 14,000 kamfanin ya sa mata, wato naira miliyan 21 idan dala tana 1,500. Bayan wannan sai dashen huhu. Akwai kuma 'yan kaɗan, ba su kai ɗaya cikin goma ba, da ƙwayoyin hawan jini irin su nifedifin da amlodifin ke yi musu aiki, amma sai gwaji na musamman ya nuna haka. Ba wa wanda bai dace ba yana iya kayar da shi.

A cikin magungunan wannan rukuni akwai guda da ke kusa da hannun talaka, kuma kowa ya san shi da wani suna. Kamfanin Pfizer ya ƙirƙiro sildenafil a Ingila domin ciwon ƙirji, aka lura yana wani aikin daban, ya fito a 1998 da sunan Viagra. A 2005 aka amince da shi domin hawan jinin huhu da sunan Revatio, miligiram 20 sau uku a rana. Ga wanda ya dace da shi, rahama ne: yana da araha, ba ya buƙatar firij, har jarirai ana ba su. Matar aure da aka rubuta wa shi kan sha kunya a gaban mai kemis, wani lokaci har da zargi a gida, don haka ya kamata likita ya yi wa maigida bayani da bakinsa.

Amma a nan gizo ke saƙar. Tun da ana sayar da shi a matsayin maganin ƙarfin maza ba tare da takarda ba, duk wanda ya ji an ce yana maganin haki zai iya saya. Mun ga abin da ya yi wa masu sikila. A Sifen ma, wani gwaji da aka wallafa a 2018 a kan waɗanda aka gyara musu ƙofar zuciya amma matsin huhu bai sauka ba ya nuna masu shan sa sun fi taɓarɓarewa. Haɗa shi da ƙwayar ciwon ƙirji da ake sa wa a ƙarƙashin harshe, ko da riyosiguwat, yana iya faɗar da jini warwas. Bosentan da 'yan uwansa kuma suna nakasa ɗan tayi, bosentan na buƙatar awon hanta duk wata, yana ma rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Shi kansa goyon ciki ga mai wannan nau'i yana cikin mafi haɗari da likitancin mata ya sani. Maniyyaci mai wannan ciwo shi ma ya nemi shawara kafin ya hau jirgi, saboda iskar cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa ba.

Hanya

Duk abin da aka lissafa ya rataya a kan abu ɗaya: a san wane nau'i ne. Matakin farko hoton zuciya ne da ake kira eko, na'ura irin ta sikanin masu ciki amma a ƙirji ake ɗora ta, tare da hoton ƙirji, awon bugun zuciya, gwajin sikila da na ƙanjamau da na tibi. Tabbatarwa ta ƙarshe sai an zura siririn tiyo ta jijiya har cikin zuciya an auna matsin kai tsaye. Wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, shi ya fara gwada wannan a jikinsa a 1929, ya zura tiyon ta hannunsa ya taka zuwa ɗakin hoto. A 1956 ya samu kyautar Nobel tare da wasu biyu. Kusan shekara ɗari ke nan, amma har yau gwajin na 'yan manyan asibitoci ne a Nijeriya, kuma yawancin likitocinmu da eko suke yanke hukunci.

Daga Zakka, matakalar ita ce asibitin gari, sai babban asibitin Dutsin-ma ko na Batsari, sai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wanda a da ake kira Cibiyar Lafiya ta Tarayya. In abin ya fi ƙarfinsu a tura Kano, kimanin kilomita 170 daga Katsina, ko Shika a Zariya. A takarda abin ba wuya. A ƙasa kuwa, yanki ne da ke bakin dajin Rugu, inda ɓarayin daji suka shafe shekaru suna tare hanya, suna korar manoma daga gonaki. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutane kusan 30 a Tsauwa da Dankar ta ƙaramar hukumar Batsari a dare ɗaya. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Safana da Batsari, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka taƙaita sayar da mai. Mai jinyar da dabbarsa ce asusunsa, ranar da likita ya ba shi kuma ta faɗo a irin wannan lokaci, ba sai an faɗi abin da ya same shi ba. Ciwon zuciya ba zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a huta. Zuwa ne duk wata ko wata biyu, har illa ma sha Allahu. A kan haka kuma aka ƙara faɗuwar naira tun daga Yunin 2023, wadda ta ninka kuɗin magungunan da ake shigowa da su.

Ba sai an gina cibiyar dashen huhu a Safana ba. Yanzu akwai na'urar eko ta hannu da ake haɗawa da waya, kuma a Yuganda an koya wa ma'aikatan jinya amfani da irinta wajen tantance yara. Guda ɗaya a Batsari, guda a Dutsin-ma, da ma'aikaci da aka horar wanda zai tura hoton ga likitan zuciya a Katsina, zai rage tafiye-tafiyen banza ya kuma gaggauta na dole. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta yi alkawarin asibitin matakin farko mai aiki a kowace mazaɓa 361 ta jihar. Ma'aunin aikinsa ga mai ciwon zuciya ba fenti ba ne: shin akwai Lasix da lisinofril a kanta, akwai allurar fenisilin ta wata-wata da wanda ya iya yin ta, akwai sikeli? Sikelin nan ba abin rainawa ba ne, domin ƙarin kilo biyu cikin kwana uku yana nuna ruwa ya fara taruwa tun kafin ƙafa ta nuna. Haka gwajin tafiyar minti shida, wanda ko a Landan da shi ake auna ko magani na aiki, ba ya buƙatar komai sai baranda mai tsawo da agogo.

Akwai kuma kuɗin da doka ta riga ta tanada. Asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, yana biyan kuɗin jinyar marasa galihu ta hannun hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Mai jego da zuciyarta ta gaza da yaro mai sikila suna cikin waɗanda suka fi cancanta, amma sai an yi musu rajista a asibitin mazaɓarsu. Likitan da ke Katsina kuma, idan ya ga adireshin mai jinya ya nuna Zakka ko Wagini, zai iya rubuta maganin wata uku a tashi ɗaya, ya haɗa da takarda zuwa ga malamin asibitin garinsu mai bayyana nauyin da za a riƙa dubawa, ƙwayar da za a ƙara in ya hau, da alamun da in an gan su, suma ko tarin jini ko kasa kwanciya saboda haki, a nemi mota a ranar.